Wa Ya Toshe Wa Malam Hanyar Sakatariya?

A shekarar 2024, da zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato, hukumar zaɓe ta jihar Kano, KANSIEC, ta sanar da cewa duk mai son tsayawa takarar ciyaman sai ya ajiye naira miliyan 10 kuɗin fom, mai neman kansila kuma miliyan 5. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, magana ta kai har kotu, aka yi ɗan ragin da bai taka kara ya karya ba. A ƙarshen wannan shekarar ne gwamnatin jihar ta amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. To, mai karatu ya ɗauki biro ya buga lissafin da kansa. Ƙaramin malamin firamare a Kunchi ko Makoɗa, wanda abin da yake karɓa bai ɗara haka da yawa ba, sai ya tara albashin kusan shekara shida, bai ci ba bai sha ba, bai saya wa iyali ko ƙullin gishiri ba, kafin ya mallaki takardar neman wakiltar mazaɓar da aka binne cibiyarsa. Ba a zo kan kuɗin fasta ba tukuna, balle na man mota da na sallamar wakilan jam'iyya.

Wasu za su ce ai malamai aka cuta. Ni kuwa ina ganin ƙauyukan ne aka fi cuta, domin an raba su da mutumin da ya fi kowa dacewa da wannan kujera.

Tsofaffi sun san cewa siyasar Arewa daga aji ta fito. Abubakar Tafawa Ɓalewa hedimastan Midil ta Bauchi ne kafin ya zama Firayim Minista. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da kwalejin horon malamai ta Maru, ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, sannan ya ajiye alli a 1950 ya rungumi NEPU. Shehu Shagari ya koyar a Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu. Ɗan Masanin Kano, Maitama Sule, a Midil ta Kano ya fara sarrafa harshen da duniya ta san shi da shi. Ko a wannan jamhuriyar, Malam Ibrahim Shekarau malamin lissafi ne kuma firinsifal kafin Kanawa su ba shi gwamna a 2003. Waɗannan an rubuta tarihinsu, an sa wa tituna da jami'o'i sunayensu. Amma a ƙarƙashinsu akwai wasu malaman da iyakar tafiyarsu sakatariyar ƙaramar hukuma, waɗanda babu mai rubuta su, kuma su ne suka riƙe karkara a lokacin da En'e ta saki.

Abubuwa biyu suka haɗu a 1976. A shekarar ne gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo garambawul ɗin da ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi 301 masu zaɓaɓɓun kansiloli, hakimai da sarakuna suka koma masu ba da shawara. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, aka baza malamai har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Ƙauye ya wayi gari ana ce masa ya turo wakilin da zai zauna a majalisa, ya karanta kasafin kuɗi, ya sa hannu a takarda. Idan aka duba aka sake dubawa, wa ya iya wannan kuma ake kwana ake tashi da shi? Malamin makaranta.

Hedimastan firamarenmu, a wani ƙauye da ke arewa da birnin Kano, yana cikin waɗannan. Ba zan kama sunansa ba, domin iyalinsa suna nan, kuma shi kansa bai taɓa son a yi masa roƙo ba. Ɗan manomi ne. Yana makarantar allo aka kama shi aka kai elementare, a zamanin da ake yanka wa dagaci adadin yaran da zai kawo, dagacin kuma ya tsallake gidajen masu hali ya ɗebo na talakawa. Daga nan ya wuce kwalejin horon malamai, ya fito da takardar daraja ta biyu, aka turo shi garinmu da kekensa da akwatin ƙarfe. Aji biyu ya tarar, sauran ɗalibai a gindin darbejiya.

Koyarwa rabin aikinsa ce. Shi ke rubuta wa tsofaffi wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da suka tafi ci-rani Kurmi, shi ke karanta amsar idan ta zo. Shi ke duba takardar asibiti ya faɗa wa mutum sau nawa zai sha magani. Idan liman ya fitar da rabon gado, Malam ake kira ya mayar da tumuni da sudusi zuwa taku a gona. Idan za a yi aikin gayya na yashe rijiya ko gyaran maƙabarta, littafin karo-karo yana hannunsa. Saboda haka da aka zo zaɓen ba-jam'iyya na Disambar 1987, bai nemi kowa ba. Dattawa ne suka same shi a zaurensa bayan isha'i, suka ce masa gari ya yanke shawara shi zai tsaya musu kansila. Daga baya, a zamanin jam'iyyu biyu na Babangida, lokacin da ake ƙato-bayan-ƙato kowa ya ga wanda ya tsaya bayan wa, ya hau kujerar ciyaman.

Na ga rabon takin da ya yi yana kansila, kuma har yau da shi nake auna duk wani rabo da gwamnati ta ce ta yi. Motar taki ta sauke buhuna a filin makaranta, sun kasa rabin abin da ake buƙata, kamar yadda aka saba. Malam ya sa aka fito masa da benci, ya zauna da tsohuwar rajistar makaranta a cinyarsa, ya fara kiran gidaje layi-layi daga gabashin gari. Gida uku buhu ɗaya, a farke a auna da kwano a gaban kowa. Can sai wani saurayi cikin waɗanda suka yi ta zirga-zirga lokacin zaɓe ya matso ya rusuna.

"Allah gafarta Malam, ai mu ne muka sha rana. Ya kamata a fitar mana da namu tukuna."

Malam bai ɗago ba. "Gonarka tana ina?"

Yaro ya yi shiru.

"Ta mahaifinka na sani, tana bayan kududdufi, kuma na kira gidanku tun ɗazu. Je ka taya shi ɗauka."

Da aka kai ƙarshe, mai unguwa ya ce an gama. Malam ya rufe rajista ya ce ba a gama ba, akwai tsohuwar da ke bayan masallacin yamma, wadda ɗanta ya rasu bara, jikokinta biyu suna aji uku, kuma ita ke noma gayaunar da ya bari. Babu wanda ya rubuta ta, domin a gidan babu namijin da zai zo ya yi magana. Ba wata karama ba ce. Mutumin da ya yi shekaru yana kiran sunan 'ya'yan gari kowace safiya, yana bin sawun wanda bai zo ba har gida, ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan sanin ya fi tsada a yankinmu fiye da ko'ina, saboda yadda ƙasar take. Daga Ungoggo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa da Ɗambatta, babu dajin da za a ce wa mutum je ka sara. Gona tana jingine da gona, gari yana hango gari. Baturen nan masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni da ake ɗaukowa a mangalar jaki, gero da dawa da wake duk a kunya ɗaya. Kowane rabon gado yana ƙara tsaga gonar. Gyaɗar da take kawo kuɗi ta durƙushe bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta cinye ta a 1975. A irin wannan wuri, taku biyu na iyakar gona ya isa ya raba zumuncin shekara hamsin, kuma burtalin da aka cinye da garma shi ne rikicin manomi da makiyayi na kaka mai zuwa.

Ga shi kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, ita ke ba da takardar mallaka ta gargajiya. Yau birni yana cin ƙauye ta kowace kusurwa. Duk wanda ya bi hanyar Katsina ya wuce Dawanau, ko ya shiga ƙasar Ungoggo, ya ga gonakin da aka yanka da awon igiya, dillalai suna tsaye da takardu a hamata. Ba a bar hanyar mota ba, ba a bar filin asibiti ba, kuma abin da ake fara yi wa kwaɗayi shi ne filin ƙwallon firamare, domin shi ne faffaɗan da ba shi da mai kuka. Ciyaman ɗin da ya taɓa dasa itatuwan iyakar makaranta da hannunsa, ya sa yara suna yi musu ban-ruwa da gwangwani, zai yi wuya ya sa hannu a yanka filin a yi shaguna. Wanda aka ɗauko daga birni kuwa bai ma san akwai iyakar ba.

Jarrabawa mafi zafi da hedimastanmu ya fuskanta a kujerar ciyaman ta fito ne daga sana'arsa. A 1991 gwamnatin Babangida ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa da ta kafa a 1988, ta miƙa albashin malamai hannun ƙananan hukumomi. Abin da ya biyo baya malamai ba su manta ba har gobe. A sassa da dama na ƙasar nan sai a yi watanni ba albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, har aka dawo da hukumar a 1993 aka koma cire kuɗin malamai tun daga sama. Malam ya kafa ƙa'ida cewa idan kaso ya iso, albashin malamai da na ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi ake fara fitarwa, abin da ya rage a yi kwalbati da shi. 'Yan kwangila suka tsane shi, manyan jam'iyya suka ce bai iya siyasa ba. Ta wata fuskar gaskiya suka faɗa.

Domin ba waliyyi ba ne, kuma malanta tana da nata ciwon. Wanda ya saba ya yi magana aji ya yi tsit ba ya jure a musa masa. Malam yakan yi wa kansiloli faɗa a zauren majalisa kamar ya kama su da satar amsa, yakan mayar wa sakatare takarda saboda kuskuren rubutu alhali mutane suna jira a waje, ya kuma taɓa yi wa wani dagaci gyara a bainar jama'a, abin da bai kamata ba ko da shi ke da gaskiya. Bai iya lallashi ba, bai iya yi wa mutum alkawarin da ya san ba zai cika ba don ya rabu da shi lafiya. Sannan ba a taru an zama ɗaya ba. A cikin ciyamomin da suka riƙe albashin malamai a waɗancan shekarun akwai tsofaffin malamai, waɗanda da hawa kujera suka manta ƙurar alli. Akwai kuma wata illar da muke gani yanzu, ta malamin da yake barin yara a aji ya bi ayarin ɗan siyasa, ba don ya wakilci kowa ba, sai don a ba shi sakataren ilimi ko a ɗauke shi daga ƙauye. Wannan ba shi nake karewa ba. Wannan ya ci amanar aji, kuma zai ci ta ofis.

Abin da ya bambanta hedimastanmu da su, a ganina, ba tsoron Allah kaɗai ba ne, ko da yake yana da shi. Ya san zai dawo. Ba shi da gida a Nasarawa ko Bompai. Da sojoji suka sallami zaɓaɓɓu a ƙarshen 1993, a zauren da dattawa suka same shi ya sauka, a masallacin da ya saba ya ci gaba da bin sahu, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ya yi wa daidai da waɗanda ya ɓata wa. Ya koma gonarsa, ya riƙe shugabancin ƙungiyar iyaye da malamai, ya yi ta sintirin neman fansho kamar kowane tsohon ma'aikaci, har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Shugaban da ya san a cikin mutanen nan zai tsufa, su za su ɗauki makararsa, dole ya yi hattara da haƙƙinsu ko da babu mai binciken kuɗi.

To yaya aka yi hanyar ta toshe? Kuɗin fom shi ne sakata ta ƙarshe, amma an daɗe da turo ƙofar. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a sashe na 7 ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, sai kuma sashe na 162 ya ce kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Gwamnoni, na kowace jam'iyya, suka riƙe na biyun suka yi wasa da na farkon. Aka yi shekaru ana naɗa kantomomi. Idan kuma an ga dama an yi zaɓe, sakamakon sananne ne tun kafin a buga ƙuri'a. A Kano, APC ce ta cinye kujeru 44 duka a 2018 da 2021, NNPP ta cinye 44 ɗin da mazaɓu 484 a watan Oktoban 2024. Wanda yake kan mulki shi ke lashewa, a Kano da sauran jihohi. Tunda haka ne, ɗan takara ba ya buƙatar dattawan garinsu, uban gida yake buƙata a birni. Ciyaman ya zama wanda ake kira Gidan Gwamnati a faɗa masa abin da aka kashe da sunansa. Da yawansu a birni suke kwana, sai ƙarshen wata a ga motarsu a sakatariya. Malamin kirki, mai mutunci a idon tsofaffin ɗalibansa, me zai kai shi wannan layin?

Ga kuma ƙa'idar da ta ce ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki kafin ya tsaya zaɓe. Ɗan kasuwa ya faɗi zaɓe ya koma shagonsa da safe. Malami ya faɗi, ya rasa aji, ya rasa albashi, ya gutsure fanshonsa. Ba a hana shi takara da baki ba, amma an tabbatar ba zai yi ba sai in ya haukace.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantoma ya saɓa wa doka. Ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, kuma ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana ɗari-ɗari da wannan 'yanci, saboda tabon 1991 bai warke ba. Ina fahimtar tsoronsu. Sai dai tsoron da kansa hujja ce a kan abin da nake faɗa. Idan har wata rana kason Gabasawa ko Bagwai zai sauka kai tsaye a asusunsu, to tambayar da ta fi kowace girma ita ce wa ke zaune a kujerar. A ba wa yaron uban gida ɗaruruwan miliyoyi ba mai tsawata masa, ba 'yanci aka ba ƙauye ba, wurin cin kawai aka sauya. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ana gyara azuzuwa, ana ɗaukar malamai, kuma abin a yaba ne. Amma rufin ajin da iskar farkon damina ta yaye a wani ƙauyen Tsanyawa, ba daga Kano za a gan shi ba. Kansila ne zai gani, in yana garin, in kuma ya san abin da ake nufi da yara saba'in su zauna a ƙasa rana tana dukansu.

Ban ce a ware wa malamai kujeru ba. Malamin gona, ungozoma, ma'aikacin asibitin ƙauye, duk suna da irin wannan sanin na gida-gida, kuma duk an rufe musu ƙofa ɗaya. Gyaran yana hannun Majalisar Dokokin Jihar Kano, domin ita ke yin dokar zaɓen ƙananan hukumomi. Ta yanke wa kuɗin fom iyaka a cikin doka, yadda ba zai wuce albashin wata biyu ko uku na ƙaramin ma'aikaci ba, kada a bar wa hukumar zaɓe ta yanka yadda ta so. A nemo hanyar da ma'aikacin da zai tsaya kansila ko ciyaman zai tafi hutu ba albashi, in ya faɗi ko ya gama wa'adinsa ya koma bakin aikinsa, da sharaɗin kada ya taka aji yana kamfen. Sannan a sa sharaɗin zama na gaskiya, wanda mai unguwa da limamin gari za su shaida cewa a nan mutumin yake kwana, a nan iyalinsa suke, a nan 'ya'yansa suke makaranta. Wannan na ƙarshen kaɗai zai tankaɗe rabin masu sayen fom.

Ita ma NUT reshen Kano, maimakon ta tsaya kan roƙon kada a damƙa albashinta hannun ciyamomi, ta fito ta nemi a buɗe wa 'ya'yanta hanyar zama ciyamomin. Ku kuma mutanen Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Minjibir, kowannenku yana da ɗan majalisar jiha, kuma kun san ƙofar gidansa. Ku same shi tun kafin a buga gangar zaɓe mai zuwa, ku tambaye shi ko zai kai wannan ƙudiri zauren majalisa, ku kuma riƙe amsar da ya ba ku.